Ranar da Na Durƙusa a Falon Tsohuwa

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne lokacin da nake karatun digiri na biyu a Alƙahira, kuma na sha juya shi a raina har na daina rarrabe abin da na gani da idona da abin da na ƙara daga baya. Littafin da nake rubutu a ciki a wancan lokacin yana nan a wurina, amma a ranar da ta fi kowace muhimmanci layi uku kawai na rubuta. Saboda haka duk inda na ce "ina jin" ko "wataƙila", iyakar abin da na sani ke nan.

Fannina shi ne nazarin addinai, a jami'ar da ke Giza. Ina zaune a unguwar Hay el-Sabi', ɗaki ɗaya da wani ɗan Damagaram mai karatun hadisi, mutum mai yawan zolaya amma mai riƙon amana. Ni da son raina ne da na rubuta kundina a kan wani abu da kowa ya sani, wanda ba zai jawo mini tambaya ba. Malamin da ke duba aikina, wani Bamisire da muke kira Duktur, shi ya zaɓa mini batu: yadda Turawa suke bin addinin Buddha a ƙasashensu. Ya ce ɗalibanmu sun cika ɗakin karatu da kundaye a kan abin da ke cikin tsofaffin littattafan addinin, amma ba wanda ya tsaya ya duba abin da Bature yake yi da shi idan ya ɗauka.

Na gaya wa mahaifina a waya. Limamin unguwa ne a wani gari a Jigawa, yana ba da karatu a zaure. Bai hana ni ba. Abin da ya ce, kuma wannan na riƙe shi sosai, shi ne: "Ka karanta duk abin da suka rubuta. In sun yi magana ka saurara. Amma kanka kada ya sunkuya wa abin da suke sunkuya wa. Ka yi mini alkawari." Na yi masa. A lokacin na ɗauka alkawari ne mai sauƙi, tunda mutanen suna can Turai, ni kuma ina Sabi'.

Shekara ta farko a littafi na ƙare ta. Na koyi cewa masu bincike a wannan fanni sukan raba mabiyan kashi biyu. Akwai waɗanda aka haifa cikin addinin a Asiya, suka yi ƙaura da shi tare da limamansu da bukukuwansu. Akwai kuma Turawan da suka shige shi da girmansu, waɗanda galibi zaman shiru da lura da numfashi suka ɗauka, suka bar sauran. Wasunsu ma cewa suke ba addini suke yi ba. Na kuma koyi cewa masu binciken ba su daidaita a kan wa za a ƙirga ba: mai zuwa wurin ibada ne kawai, ko har da wanda ya ajiye littafi kusa da gadonsa yana karantawa? Wasu suna ganin rabon nan gida biyu ma bai yi adalci ba. Na ji daɗin wannan aiki. Kowace jimla na san daga wane shafi ta fito, in aka tambaye ni sai in nuna.

Duktur ya dawo mini da babi na uku da jan biro ko'ina.

"Duk wannan an ce, an ce ne," in ji shi. "Ka taɓa ganin mutum ɗaya daga cikinsu?"

"Duktur, ai suna Turai."

"Akwai Turai a nan unguwar Dokki. Hawa na huɗu."

Ashe akwai wata tsohuwa Bajamushiya da ta taɓa koya wa matarsa Jamusanci. Ta auri Bamisire, ya rasu, ta ci gaba da zama a gidansu. Duk Asabar da safe wasu Turawa mazauna Alƙahira, da Misirawa biyu ko uku, sukan taru a falonta su yi zamansu. Duktur ya riga ya yi mata magana. Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Khalas, an gama magana, ran Asabar ƙarfe tara."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne takalma a jere a bakin ƙofa, kamar a zauren mahaifina. Tsohuwar da kanta ta buɗe. Doguwa ce, gashinta fari fat, Larabcinta na Misira ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na kira ta Hajiya, kamar yadda ake kiran kowace dattijuwa a titin Alƙahira, ta yi dariya ta ce ba ta taɓa wuce garin Suez ba, balle ta je aikin hajji. Duk da haka ban iya sauyawa ba, Hajiya na ci gaba da kiranta, ita kuma ta ci gaba da amsawa.

Falon babu kujeru sai guda ɗaya. An shimfiɗa darduma babba, an jera matasai a kanta. A jikin bango akwai wata 'yar kanta gajeriya, a kanta gunkin Buddha na katako, tsayinsa bai fi filas ɗin shayi ba, a gefensa wata tasa ta tagulla da ake bugawa idan za a fara da idan an gama. Na yi mata bayani, da kalmomin da na shirya tun a cikin jirgin metro, cewa ni kallo kawai zan yi, ba zan hau darduma ba. Ta ce, "Tamam, ba komai," ta ja kujerar nan ta kai mini bakin ƙofa.

Asabar huɗu ina zuwa ina zama a wannan kujera. Ga abin da nake yi, kuma ba na faɗarsa da alfahari. Na ja layuka a littafina, na ba kowa lamba. Duk wanda ya shigo ya haɗa hannu ya sunkuya wajen kantar, sai in sa masa alama: sau nawa, kuma iya ina, kai kawai ko har ƙugu ko har ƙasa. Na riga na shirya abin da zan ce a ƙarshen babin, cewa mutanen nan da baki suna musun ibada suke yi, amma jikinsu ya ba da shaida. Ina ganin na samo hujja mai ƙarfi. Ban tambayi ko mutum ɗaya me yake nufi da sunkuyawarsa ba. Ina jin tsoro ne ya hana ni, don tambaya tana kawo hira, hira kuma tana kawo sabo.

A Asabar ta biyar ba ita ta buɗe ƙofa ba. Wani Bafaranshe ne, injiniya, ɗaya daga cikinsu. Ya ce Hajiya ta zame a banɗaki ta bugu a gwiwa. Na leƙa na gan ta zaune a kan wata 'yar kujera ta tsugunno, ta miƙe ƙafa ɗaya an naɗe da bandeji. Sun zaunar da ita kusa da kantar don hannunta ya kai ga tasar.

Duk wanda ya tashi inda na tashi ya san abin da ya biyo baya. Ba a tsayawa a kan babba yana zaune, balle marar lafiya. Da tana buɗe mini ƙofa a tsaye, a tsaye nake gaishe ta, in ɗan rage tsawo. Wannan ranar kuwa na taka dardumar da ban taɓa takawa ba, na je gabanta, gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, hannu ɗaya a ƙasa, ina yi mata sannu da jiki, ina tambayar yadda ta kwana, yadda zan yi wa kakata. Ta dafa kaina ko kafaɗata, ban tabbata ba. Na tashi na koma kujerata. Ban ji na yi wani abu ba. A littafina na rubuta cewa an fara a makare, mutum tara suka zo, tsohuwa ba ta da lafiya.

Bayan la'asar ina ɗaki sai wayata ta yi ƙara. Da ma sun sa ni a guruf ɗinsu na waya don in riƙa sanin lokacin zama. Bafaranshen ya ɗauki hotuna da safe ya tura. A hoto na uku ga ni nan, da hulata da farar rigata, a durƙushe, kai a ƙasa. Daga inda ya tsaya, ƙyauren ƙofar ɗaki ya tare tsohuwar, ba abin da ya fito nata sai ƙarshen ƙafar da bandejin, shi ma sai an lura. A gabana, daidai saitin goshina, gunkin ne zaune. Wata daga cikinsu ta rubuta a ƙasa cewa abokinsu Musulmi ya fi su duka iya sunkuyawa, abin ya taɓa zuciyarta. Wasu suka bi da hoton fure.

Na miƙa wa abokin zamana wayar. Ya duba, ya faɗaɗa hoton da yatsa, ya sake dubawa.

"Ustaz, wannan ai ya wuce ruku'u. Saura ƙiris sujada."

"Tsohuwa nake gaisarwa."

"Wace tsohuwa? Ni tsoho nake gani, na katako."

"Ga ƙafarta nan."

"Wannan farin abin? Na ɗauka burodi ne aka ajiye masa."

Da ya ga fuskata sai ya daina. Ya zauna a bakin katifa ya tambaye ni su wa ke cikin guruf ɗin. Na lissafa masa. Da na zo kan wata Bamisiriya mai koyar da Turanci a wata cibiya a unguwar Madinat Nasr, inda 'yan ƙasarmu da yawa suke zuwa, sai ya girgiza kai.

"To ka ga matsalar. A wurinmu masu hadisi, idan mutum ɗaya ne ya ruwaito abu, kuma shi ake tuhuma a cikinsa, ruwayarsa ba ta tsayawa. Ni na yarda da kai don na san ko kyankyaso ba ka iya kashewa sai ka duba littafi. Amma wanda bai san ka ba, hoto zai bi."

Na rubuta wa Bafaranshen na roƙe shi ya cire. Ya cire nan take, ya ba ni haƙuri, ko da yake a fili yake bai gane abin da ya ɓata ba. Ya ce hoto ne mai kyau. Na tambaye shi ko wani ya ajiye. Ya ce bai sani ba, an daɗe ana kallonsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Idan na shiga masallacin unguwa wani ya ce, "Ustaz, kwana biyu," sai in wuni ina auna muryarsa. A gidan abincin da 'yan Najeriya suke cin tuwo, idan mutum biyu suka haɗa kai a kan waya, sai in ɗauka hotona suke kallo. Na san yadda labari yake tafiya a tsakaninmu. Ba sai da mugunta ba, wani zai tura wa wani yana tambayar ko wane ne wannan, shi ke nan. Abin da ya fi damuna ba ɗalibai ba ne. Ina hango wani ya shiga zauren mahaifina, ya tsuguna, ya ce, "Malam, akwai abin da nake so ka gani." Mutumin da bai hana ni ba alhali yana iya hanawa.

A cikin kwanakin nan na buɗe littafina don in yi aiki ko hankalina zai ɗauke. Na ga layukan nan da alamomina. Sai ya faɗo mini cewa da a ce wani ne zaune a kujerar bakin ƙofa a ranar, da littafi irin nawa, da ya ba ni lamba ya rubuta: sau ɗaya, har ƙasa. Kuma da bai yi ƙarya ba. Na rufe littafin.

Ran Laraba, ko Alhamis, wani ɗan kasuwa mutumin garinmu ya zo sayen abayoyi, na raka shi kasuwar Ataba ina yi masa tafinta. Muna cikin wani shago ya duba wayarsa ya tuntsire da dariya, ya ce, "Malam ƙarami, zo ka gani." Na je, na ɗauka hoton nan ne. Ashe bidiyon wata akuya ce da ta shiga motar haya. Na yi dariyar dole. Da muka fito ya ce ran Lahadi zai koma, ko ina da saƙo wajen Malam, wato mahaifina. A nan na yanke shawarar cewa in har mahaifina zai ji, daga bakina zai ji.

Na kira shi ran Juma'a bayan la'asar, lokacin da na san yana zaure shi kaɗai. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, ba ta buɗe hoto. Wannan ya sa komai ya rage ga bakina, kuma na san zan iya tsara labarin yadda tsohuwar za ta cika hoton, gunkin ya koma can gefe. Na yi niyyar haka, ba zan ɓoye ba. Amma da muka gama gaisawa sai na ji ina faɗa masa yadda hoton yake: ni a ƙasa, abin a gabana, ita ba ta fito ba. Daga baya na faɗi yadda aka yi.

Bai katse ni ba. Ina jin kukan kaji ta bayansa. Da na gama ya ce, "Matar nan, ta girmi mahaifiyarka?"

"Ta girme ta, Baba. Da yawa."

"Kuma tana zaune, ba lafiya."

"E."

"To da tsayawa za ka yi a kanta kamar ɗan sanda?"

Na fara jin sauƙi. Sai ya ce, "Tsaya. Sau nawa ka shiga ɗakin kafin ranar?"

"Sau huɗu."

"Ka san inda abin yake ke nan."

"Na sani."

"Lokacin da gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka tuna yana wurin?"

Wannan tambayar ban shirya mata ba, ko da yake ina jin ita ce nake gudu tun ranar Asabar. Na yi sati huɗu ina kallon kantar nan fiye da kowa a ɗakin. Zai yi wuya a ce idona bai gan ta ba. Amma na duba raina ban sami lokacin da na tuna ba, ban kuma sami tabbacin cewa ban tuna ba.

"Ban sani ba, Baba."



"Da ka ce mini a'a da sauri, da na ce ka bar aikin nan ka dawo," in ji shi. "Ka yi istigfari a kan abin da ba ka sani ba. Gobe ka koma. In za ka gaishe ta, ka zagaya ta inda abin zai zama a bayanka."

"In hoton ya zo fa?"

"In ya zo, ya zo. Ai na riga shi ji."

Bai ce alkawarin bai karye ba, bai kuma ce ya karye ba. Na jira ko zai ƙara, sai ya tambaye ni ko ina cin abinci, ya ce ana kiran sa.

Washegari na koma Dokki. Tsohuwar tana nan a wurinta. Na zagaya, na matse tsakaninta da bango, na ba kantar baya, na durƙusa. Ta dube ni da mamaki, don na kusa ture tasar da gwiwar hannu. Bayan an tashi ta kira ni ta tambaya, na gaya mata duka, har da maganar mahaifina. Ta ce a wurin wasu daga cikinsu juya wa gunkin baya rashin ladabi ne, amma ba komai. Asabar ta gaba na tarar an mayar da kujerarta kusa da taga, tasar a kan cinyarta.

Daga nan na fara tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, a wajen shan shayi, me suke nufi idan sun sunkuya. Bafaranshen ya ce ɗakin yake gaisarwa, kamar yadda aka koya masa a wajen kokawar Japanawa yana saurayi. Matar da ta yi rubutu a ƙasan hotona ta ce girman kanta take saukewa. Wani ya ce ya ga kowa yana yi ne, yana jin kunya ya tsaya shi kaɗai. Wata 'yar Sri Lanka mai aikin jinya, wadda take zuwa jefi-jefi, ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa take gaida uwarta. Tsohuwar kuwa ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce wa Buddha take sunkuyawa, shi ne malaminta, ta ɗauki alkawari a kan haka shekaru da yawa da suka wuce. Ban ce duk abin da suka faɗa shi ne gaskiyar abin da ke ransu ba. Mutum yana iya rashin sanin nasa, na shaida haka a kaina. Amma na cire layukan daga babin, na sa maganganunsu. Duktur ya ce yanzu babin ba shi da ƙarshe mai kaifi, kuma wani daga cikin masu jarraba ni zai yi ƙorafi. Haka aka yi, ya yi ƙorafin. An dai ba ni digirin.

Iyakar sanina hoton bai taɓa isa garinmu ba, ko kuwa ya isa ba a gaya mini ba. Mahaifina bai sake tayar da maganar ba, sai ranar da na dawo gida, bayan mutane sun watse, ya ce, "Ya ƙafar tsohuwarka?" Na ce ta warke, tana tafiya da sanda.

Tambayarsa har yau ban iya amsa ta ba. Shi ya sa nake roƙon waɗanda suke falon a wannan safiya, idan wannan rubutu ya kai gare su ko wani ya fassara musu, su gaya mini abin da suka gani: daidai ina kujerarta take, ko na ɗaga kai kafin in durƙusa, kuma in na ɗaga, ina na duba. Abokin zamana ɗan Damagaram ma, in na sa masa maganar da ba tasa ba ko na rage wadda ya faɗa, ya gyara mini. Duk sun san yadda ake samuna, kuma abin da aka aiko zan sa shi yadda ya zo, ko da bai yi mini daɗi ba.